Kwamitin da Bai San Warin Ruɓaɓɓen Tumatir Ba

Yawancinmu Hausawan Legas, in aka ambaci Cibiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu ta Legas, wato LCCI, abin da ke faɗo mana a rai bai wuce bajekolin watan Nuwamba a dandalin Tafawa Ɓalewa ba. Kwana goma ana kiɗa, ana raba takardun talla, iyayenmu mata na sayen tukwane da injin markaɗe a kan rangwame, sai a watse. Wanda ya ɗan fi bin labarai kuma ya san cewa duk ranar da Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa, shugabannin cibiyar za su fito a talabijin su ce abin bai yi wa 'yan kasuwa daɗi ba. Iyakar saninmu ke nan. Ni ma haka na ɗauke ta shekara da shekaru, duk da cewa a Agege aka yanke mini cibiya, kuma sana'ata ita ce riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi.

Sai daga baya na gane cewa bajekoli da jawabin shugaba duk zaure ne. Girkin a cikin gida ake yin sa, a ƙananan ɗakunan taro inda mutum goma ko ashirin ke zama a kan sana'a ɗaya.

An kafa cibiyar a 1888, shekara 26 kafin Turawa su haɗe Kudu da Arewa. Ofishinta yana Commerce House, a titin Idowu Taylor da ke Victoria Island. Mambobinta a rarrabe suke rukuni-rukuni gwargwadon sana'a: na noma da sarrafa amfanin gona, na masu fiton kaya daga tashar jiragen ruwa, na harkar kuɗi, na gine-gine, na magunguna, na iskar gas ɗin girki, na ƙananan 'yan kasuwa, da sauransu. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Ikeja, ita ma a kan rukuni goma take tsaye, tun daga masu abinci da abin sha har zuwa masu masaƙu da fata. Bayan waɗannan, irin waɗannan cibiyoyi kan kafa kwamitocin da aikinsu ya ratsa kowace sana'a, kamar na haraji da na dokokin kasuwanci. Idan gwamnati ta fito da daftarin doka, ko kwastan ta sauya kuɗin fito, sakatariya kan tura wa rukunin da abin ya shafa. Su zauna su bi shi layi-layi, kowa ya faɗi inda zai cije shi, a rubuta takardar matsaya, a ɗauka a kai Abuja ranar da majalisa ke sauraron ra'ayin jama'a. Maganar minti biyu da ka ga shugaba ya yi a talabijin, kumfar da ta taso saman tukunyar ce.

In kana son ka ga iyakar ƙarfin da kwamiti zai iya yi, dubi sashen kamfanonin haƙar mai, OPTS. A takarda, reshe ne kawai a ƙarƙashin cibiyar ta Legas. A aikace kuwa, shi ne bakin su Shell da Chevron da Total a ƙasar nan. Tun 2008 aka fara kai ƙudirin dokar gyaran harkar man fetur gaban majalisa, ba a sa mata hannu ba sai a watan Agustan 2021, kuma a zaman sauraron ra'ayi na ƙarshe wannan sashe ya zo da lissafinsa a rubuce, yana nuna yadda kowane kaso na haraji zai taɓa jarin da ake zubawa. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, ba a iya rubuta dokar mai a Najeriya ba tare da an amsa musu tambayoyinsu ba. Ba su taɓa tare hanya ba, ba su ƙona taya ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, shi ya sa nake mamakin yadda muke yi masa kallon kayan Turawa. Sarki bai taɓa yanke hukunci a kan nama ba sai ya ji daga Sarkin Fawa. Rigimar ƙira ta Sarkin Maƙera ce, ta gini ta Sarkin Magina, ta ciniki kuma akwai Sarkin Kasuwa da Sarkin Dillalai. Ayarin da ke zuwa Gwanja neman goro yana da madugu, amma jagaba ne ya san hanya da mashaya, uban dawaki kuma yana tafe a baya yana lura da wanda ya gaza. Ko a nan kasuwar kayan gwari ta Mil 12, masu albasa da shugabansu, masu tumatir da nasu, masu tattasai da attaruhu da nasu, kuma mai doya ba ya tsoma baki a farashin albasa. Abin da cibiyar masana'antu ta ƙara a kan wannan abu ɗaya ne: rubutu. Namu sanin yana cikin kai, yana mutuwa da mai shi. Nasu yana cikin fayil, ana miƙa wa minista.

Kuma gwamnati, a iya abin da na gani, lissafi take ji, ba ta cika jin kuka ba. Shekaru direbobinmu na tirela da tanka suka yi suna kwana a kan gadojin Ijora da hanyar Apapa, wani ya yi mako biyu bai kai bakin ƙofar tashar jiragen ruwa ba, yana wanka da ruwan leda. Kowa ya gani, kowa ya yi Allah wadai. A 2018 cibiyar ta Legas ta fitar da rahoto a kan asarar da matsalolin tashoshin ruwa ke jawo wa tattalin arzikin ƙasa, aka mayar da wahalar lamba, jaridu suka ɗauka. A watan Fabrairun 2021, zamanin Hadiza Bala Usman, hukumar tashoshin ruwa ta fito da tsarin Eto na kiran motoci ta intanet. Tsarin yana da nasa ciwon, duk direba zai gaya maka, amma batun ya tashi daga hirar bakin gada ya hau teburin masu yanke hukunci. Ko harajin da gwamnatin tarayya ta ɗora a kan ma'aikata baƙi a watan Fabrairun 2024, dala 15,000 a kan darakta da dala 10,000 a kan sauran ma'aikata duk shekara, wata guda bai yi ba aka dakatar da shi, bayan ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun zauna da ministoci. Gwada wannan da tikitin da ake yankar wa motar kayan gwari a kan hanya, wanda tun ina yaro nake jin ana kuka da shi.

Bari in ba da labarin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani maigidana mai ƙaramin kamfanin sarrafa abinci ya ja ni zuwa zaman kwamitin noma na wata ƙungiyar 'yan kasuwa a tsibiri, ba zan kama sunanta ba. Batun ranar shi ne asarar tumatir tsakanin gona da kasuwa. Mutanen kirki ne, masu ilimi, kuma da gaske suke. An nuna hotuna a bango, an yi maganar motoci masu sanyi, an yi ittifaƙi cewa kwandon gargajiya shi ne babban mai laifi, domin na sama yana danne na ƙasa, saboda haka a koma wa akwatin roba. Gaskiya ne, akwatin roba ya fi kare kaya. Amma awa biyu ana magana, babu wanda ya tambayi wa zai mayar da akwatin Kano bayan an juye shi a Legas, wa zai biya kuɗin motarsa, wa zai ɗauki asara in ya ɓata a hannun mai sari a Ketu ko Oyingbo. Babu wanda ya san cewa kwando ba mazubi kawai ba ne, shi ne ma'auni: da shi ake yanke farashi, a kansa dillali ke karɓar la'ada, a kansa ake biyan ɗan dako. In ka cire kwando ka taɓa abincin mutum huɗu ko biyar, kuma in ba ka zauna da su ba, za su kashe maka tsarin ba tare da sun ɗaga murya ba. Sannan babu wanda ya yi maganar awoyin da mota ke ɓatawa a shingaye. Daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a Kano zuwa Mil 12 tafiyar kusan kilomita dubu ce, ta Zariya da Kaduna, ta Makwa da Jabba da Ilori da Badun, kuma tumatir ba ya jiran a gama ciniki da mai sanda a bakin titi. Da gadar Tatabu, da ke tsakanin Makwa da Jabba, ta karye a daminar 2017, duk mai kaya a kan hanyar ya ji a jikinsa kafin labarin ya iso ofisoshin tsibiri.

Na ɗaga hannu na faɗi kaɗan daga ciki. Aka saurare ni da ladabi, har mai rubuta bayanan taro ya nemi in maimaita masa yadda ake lissafin la'ada. A nan na fahimci ba wulaƙanci ne ya hana a kira mu ba. Ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, mu kuma ba mu san ana zaman ba.

Washegari da asuba na je Mil 12 na ba wa wani dattijo labari, aminin mahaifina ne, ya fi shekara arba'in yana dillancin kayan gwari. Mutum ne da in mota ta shigo, kafin a kwance tamfol zai shaƙi iska ya gaya maka ko kwana biyu ta yi a hanya ko uku. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "To ɗana, su da ba su taɓa sauke mota ba, me za su gaya wa gwamnati a kan tumatir?" Na ce, "Baba, duk abin da suka ga dama, kuma shi za a rubuta." Ya yi shiru. Can ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na ce haka ne, amma magini ba ya zuwa sai wanda ya kira shi.

Kada a ɗauka ina cewa kwamitocin nan tsarkaka ne. Su ma suna da cutarsu, kuma babbar cutar ita ce mai ƙarfi ya mamaye kujera. Kamfanin da ke da lauya da akanta a kan albashi shi ke da halin tura mutum kowane zama. Mai ƙaramar masana'antar leda a Mushin, wanda shi ne manaja shi ne mai sayen dizal, ba zai bar aiki ya shiga cunkoson gadar Third Mainland don taron ƙarfe goma na safe ba. A hankali sai buƙatar kamfani uku ta koma "matsayar rukuni". Da aka ɗaga kuɗin lantarkin 'yan layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi da yawa, a watan Afrilun 2024, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kukan babbar masana'antar da ke da nata injin gas daban ne da na mai injin niƙa ko mai ɗakin ƙanƙara. In ɗaya ne kawai a ɗakin, nasa kukan ne zai isa Abuja. Akwai kuma tsohuwar cutarmu ta Najeriya, inda kafa kwamiti ke nufin binne magana: a zauna, a sha shayi, a ɗage zama, a sa muƙamin a katin gaisuwa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, 'yan kasuwa ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne. A 2015 Babban Banki ya hana dalar gwamnati ga masu shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa da tumatirin gwangwani da tsinken sakace, ba a janye ba sai a watan Oktoban 2023. Mai sarrafawa a gida ya yi murna, mai shigowa ya yi kuka, kuma su biyun suna iya kasancewa a cibiya ɗaya suna biyan kuɗin mamba. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, masu injin casar shinkafa a Kano da Kebbi sun ga kasuwa, masu masana'antar da ke kai kaya Gana kuwa motocinsu suka maƙale a Seme. Haka yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka: Shugaba Buhari ya fasa zuwa Kigali a watan Maris na 2018, MAN na cikin waɗanda suka ce a dakata, sai a Yulin 2019 ya sa hannu a Yamai. Ni a ganina wannan saɓani shi ne amfanin raba mutane rukuni-rukuni, domin yana fito da gaskiyar wa zai ci wa zai yi asara. Inda ake ɓata abin shi ne in majalisar cibiya ta tattara ra'ayoyin ta dama su su zama sanarwa marar gishiri wadda ba ta ɓata wa kowa rai. Da za a bi tawa, duk takardar matsaya sai ta fito da ra'ayin waɗanda aka rinjaya a ƙarshenta, duk mai zama a kwamiti ya bayyana inda yake da hannun jari, kuma duk shekara kowane kwamiti ya tsaya gaban mambobi ya faɗi layi nawa ya sa aka gyara a doka. Wanda ba shi da amsa shekara biyu a jere, a rushe shi.

Amma laifin da ya fi damuna namu ne. Mu ne ke sauke shanu a Oko-Oba da Kara, raguna a Alaba Rago, wake da hatsi a Iddo, albasar Aliero da tumatirin Kadawa da Ɗanja a Mil 12. Birnin nan ba ya karyawa sai motocinmu sun iso. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da ƙungiyoyi, kuma Allah ya sani suna ƙoƙari: su ke belin yaro a caji ofis, su ke kashe wuta in rikici ya tashi, kamar na Mil 12 a watan Maris na 2016 da ya sa aka rufe kasuwar. Sai dai duk wannan ihu ne bayan hari. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu. Cikin kwanaki farashi ya haukace a Legas, tumatir kuma ya ruɓe a hannun manomi a Arewa. An zauna, an yi alkawura, an buɗe hanya. Makami ne mai kaifi biyu, ba a iya zare shi kullum, kuma ranar da aka mayar da shi kube babu wani kwamiti namu da ya zauna yana bin alkawuran ɗaya bayan ɗaya da takarda.

Dubi kuma batun wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Masana a Legas da Abuja sun yi ta taro a kan ma'aunin gwaji da takardar shaida. Amma a ina ake zuba maganin? A sito, a Dawanau da sauran kasuwannin hatsi, a hannun mutumin da ke tsoron kada ƙwari su cinye masa jari kafin farashi ya tashi. Duk kwamitin fitar da kaya waje da babu mai sito a cikinsa, zai gane cutar amma ba zai san ta inda za a ba da magani ba. Mai siton kuma da ba ya zuwa kwamiti, ba zai taɓa sanin abin da ya yi a watan Disamba ne ya rufe masa kasuwar da bai ma san yana da ita ba.

Na san abin da za a ce. Turanci ake yi a can. Akwai kuɗin mamba. Sai kana da rijistar kamfani, kuma da yawa daga cikinmu suna ganin yin rijista kamar miƙa wuya ne ga masu haraji. Na ƙarshen nan shi ne na gaskiya, sauran uzuri ne. Ga amsata a matsayin mai riƙe littafi: wanda ba shi da rijista ma yana biya, har ya fi biya, sai dai nasa ba ya da rasit mai amfani kuma ba ya da wurin kai ƙara. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai. Turanci kuwa, 'ya'yan da muka haifa a Agege da Idi-Araba suna ji, suna jin Yarabanci, wasunsu lauyoyi ne, wasu akantoci, suna zaune suna neman aiki a banki alhali dukiyar iyayensu ba ta da mai magana. Ba a buƙatar kowa ya je. Mutum biyu sun isa a kowace sana'a, dattijo mai sanin kaya da matashi mai sanin takarda, su riƙa zuwa tare ba fashi. Cibiyoyin Kano da Kaduna ma suna nan, kuma duk suna haɗuwa da ta Legas a ƙarƙashin NACCIMA, uwar ƙungiyar cibiyoyin 'yan kasuwa ta ƙasa, amma mai kaya a Legas matsalarsa rabi a hanya take rabi a nan, dole ya sami kujera a nan ɗin.

Su ma shugabannin cibiyoyin akwai abin da ya rage musu. Kwamitin noma da ke zama a ɗaki mai sanyi kaɗai, ya gwada zama ɗaya a shekara a cikin kasuwa, da ƙarfe biyar na asuba lokacin da ake sauke kaya. Kujerar mai ba da shawara ba ta buƙatar digiri ko kuɗin mamba, tafinta kawai take buƙata.

Makonni uku bayan hirarmu, dattijon nan ya aiko a kira ni. Na same shi a rumfarsa bayan sallar la'asar, ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin benci ya miƙo mini. Tikitoci ne, ya sa direbobinsa su daina jefarwa, su riƙa tara duk wanda aka yankar musu tun daga wurin lodi. Wasu da tambarin ƙaramar hukuma, wasu da na ƙungiya, wasu ba suna ba kwanan wata, lamba kawai aka rubuta da biro. Ya ce, "Ga shi, kai da ka ce lissafi suke ji. Amma ka gaya musu wanda aka karɓa hannu da hannu ba ya cikin nan, kuma ya fi wannan yawa." Na ce, "To Baba, in an sa ranar zama za ka zo?" Ya ce in dai ba ranar da motocin Ɗanja ke shigowa ba ce.

Ledar tana kan teburina yanzu. Da yawa daga cikin takardun ruwan tumatir ya jiƙa su sun manne, sai na shanya su a ƙarƙashin fanka kafin in iya karanta lambobin in shigar a kwamfuta.